Ranar da Na Kai Mis Odessa Gasar Giyar Inabi

Gabashin Greensboro, kafin gari ya waye

Na idar da sallar asuba ina naɗe darduma sai na ji sandar Mis Odessa tana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina. Ita ce mai gidan da nake haya a gabashin Greensboro, a ƙasar Amurka, kusa da jami'ar da nake karanta ilimin ƙasar noma. Baƙar fata ce, ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ɗanta guda kuma yana can wata jiha mai nisa. Ku da ke gida kun sha jin sunanta a bakina. Abin da ba ku sani ba shi ne giyar inabi take haɗawa. Ba ta sayarwa. A bayan gida tana da rumfar wani inabi mai kaurin ɓawo da ke yi sosai a wannan yanki, in ya nuna sai ta matse, ta ɗura a manyan tulunan gilashi, ta ajiye wata da watanni. Masu irin wannan sha'awa suna da ƙungiya, kuma duk shekara sukan yi gasa a ga wanda tasa ta fi.

Bana an yi mata aikin ido, likita ya hana ta tuƙi. Jikan ƙanwarta da ya yi alkawarin kai ta ya janye ana gobe gasar. Ta same ni a kicin tana ta kame-kame, har dai ta fito da maganar. Matar da ta yi jinyata lokacin da sanyin farko ya kwantar da ni, ban ga ta inda zan ce mata a'a ba. Na dai ce:

"Zan kai ki. Amma ba zan ɗauki kwalba ba, ba zan zuba wa kowa ba, ba zan miƙa ba."

Ta ce, "Kwalabe sun tafi tun makon jiya, Hajara. Ni kaɗai za ki ɗauka, ni kuwa ba na sa maye."

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Lasin ɗina sabo ne, ban taɓa fita wajen gari da mota ba. Ga kuma tunanin in wani ɗan gida ya ji an ga Hajara a wajen gasar giya, kafin yamma labarin ya isa Funtuwa. Na kira Anti Ramatu, wata 'yar zangon Kumasi da ke aikin kula da tsofaffi a nan garin, wadda mu Hausawan da ke nan muka ɗauka tamkar uwa. Hausarta ba ta bambanta mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinta. Ta ce, "Ei, tsohuwa ne za ka taimaka, ba giya ba. Ka tafi, ka bar wayanka a kunne."

Muka fito da sauran duhu. Na yi addu'ar hawa abin hawa sau biyu, don ta farkon ban tabbata na kai ƙarshenta ba.

Irving Park

Sai da muka biya Irving Park, unguwar masu hali, don matar shugaban ƙungiyar ta ce a ɗauki wasu kaya a gidansu. Manyan gidaje ne can cikin itatuwa, ba katanga, ba kowa a waje, ko kare ba ya haushi. Mis Odessa ba ta gani sosai, ni kuma ban san unguwar ba. Muka yi ta tafiya a hankali ina leƙen lambobin gidaje. Mun zaga layi ɗaya karo na biyu ke nan sai na ga shuɗiyar fitilar motar 'yan sanda a madubi.

Na tsayar da mota a gefe. Na tuna takardun zamana duk suna cikin jaka a kujerar baya, na juya zan ɗauko. Mis Odessa ta damƙe mini gwiwa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Hannu biyu a kan sitiyari. Kada ki taɓa komai sai ya ce ki taɓa."

Muryarta ta fi fitilar tsorata ni, don ban taɓa jin ta haka ba. Ɗan sandan ya zo ya haska fuskata, ya haska hijabina, ya haska tsohuwa. Ya tambayi inda za mu. Ita ta amsa. Ya karɓi lasin ya duba, ya dawo mini da shi, ya ce gidan da muke nema mun wuce shi, yana bayanmu ta hannun dama. Ya yi mana fatan alheri ya tafi. Sai da motarsa ta ɓace sannan na juya muka koma baya.

A gidan aka fito mana da kwalaye uku. Da na ji suna ƙaras-ƙaras na ja da baya. Matar gidan ta tsaya tana kallona ba ta gane ba. Mis Odessa ta buɗe ɗaya ta nuna mini: kofunan gilashi ne masu dogon wuya, babu komai a ciki, sai busasshen biskit da alƙalan gasar ke ci tsakanin ɗanɗano da ɗanɗano. Muka loda a but ɗin mota muka kama hanyar gabas.

McLeansville

Gari ya waye muna barin gidajen birni. McLeansville ba gari ba ne irin wanda kuka sani, gida ɗaya nan, ɗaya can, gonaki da makiyaya a tsakani. Muka tsaya a wani gidan mai don karin kumallo. Na sayi burodi da ƙwai bayan na tambaya har sau biyu ko ba a soya shi da man alade ba. Wasu maza uku da ke shan kofi a bakin ƙofa suka yi shiru da na shigo, ba su ci gaba da hira ba sai da na fita. Ba su ce mini komai ba. Shirun ne dai ya bi ni har cikin mota.

Mai kantin ya leƙo ya ce wa Mis Odessa, "Yau ku kula da sama, rediyo ta ce akwai hadari mai ƙarfi bayan hantsi." Na ɗaga kai. Ta yamma sama ta yi wani launi da ban san shi ba a gida, ba baƙi ba, kamar koren ruwan kududdufi. Na ce ko za mu koma. Ta ce shekara guda take jiran wannan rana.

Daga nan muka bar kwalta muka shiga hanyar tsakuwa mai tsawo, itatuwa sun haɗe a samanta, wayoyin lantarki suna bin gefe. A ƙarshenta akwai ƙofar gona da allo mai hoton bindiga, an rubuta gargaɗi ga duk wanda ya shiga ba izini. Karnuka biyu suka taso wa motar. Bayansu wani Bature ya fito, ƙato, gemunsa har ƙirji, fuskarsa ja. Shi ne Mista Dale, mai gonar, kuma a siton ciyawarsa ake gasar. Ya rungumi Mis Odessa. Ni ya dube ni, ya taɓa bakin hularsa, bai ce uffan ba. Na ce a raina wannan mutumin ba ya son ganina a nan.

Cikin sito

An share siton an jera dogayen tebura da fararen ƙyallaye. Kowace kwalba an sa ta cikin jakar takarda an ɗaure wuyanta, an rubuta lamba, don kada alƙali ya san ta wane ce. Alƙalan suna zaune a gaba. A zuba wa mutum ɗan kaɗan, ya ɗaga kofin ya duba a haske, ya juya shi, ya shinshina, ya kurɓa, ya kurkure baki da shi, ya tofar a bokiti, ya ci biskit, ya yi rubutu. Ba mai magana. An ja igiya tsakaninsu da 'yan ƙungiya, an hana kowa kusantarsu.

Bayan igiyar kuwa ba a tofarwa. Kowa ya zo da rarar kwalabensa, ana ta ɗanɗana wa juna ana raɗa. Warin ya cika wurin, mai tsami-tsami kamar ƙullun da ya kwana. Na ja kujera bakin ƙofa inda iska ke shigowa, Mis Odessa ta zauna kusa da ni da gorar ruwa a hannu. Sau uku ana miƙo mata kofi tana girgiza kai. Ta ce magungunan da aka ɗora ta a kai ba sa shiri da giya, kuma dama ba ta taɓa kurɓa ba sai an faɗi sakamako.

"Ga tawa can," ta raɗa mini, "ta huɗu daga hagu. Ko da rabin ido na san wuyanta."

Wata alƙaliya ta ɗaga kofin, ta daɗe tana shinshinawa. Mis Odessa ta miƙa wuya tana leƙe. Sai wayoyin duk mutanen da ke wurin suka ɗauki ƙara lokaci guda.

Ƙarƙashin ƙasa

Gargaɗin guguwa ne, irin mai murɗawa da ke ɗauke rufin gida. Fitilu suka ɗauke. Ƙofar siton ta bugu da bango. Mista Dale ya daka tsawa ya ce kowa ya bi shi. Ya buɗe wata ƙofa a daɓe, muka gangara wani ɗakin dutse a ƙarƙashin ƙasa, mu kusan talatin, ina riƙe da hannun Mis Odessa tana laluben matakala.

Da aka kunna fitilun waya na ga inda muke. Ma'ajiyar giyarsa ce. Gangunan katako a dama, kwalabe a hagu tun daga ƙasa har rufi. A sama iska tana ruri kamar jirgin ƙasa zai bi ta kanmu, kwalaben suna kaɗuwa suna gugar juna, ƙura tana zubo mana. Wata mata ta fara kuka. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ce in ajalina a nan yake, haka za a kira Baba a gaya masa an tono gawar 'yarsa daga cikin kwalaben giya a ƙasar Amurka. Wa zai tsaya ya yi masa bayani? Na dinga maimaita kalmar shahada a hankali.

Muna cikin haka wayata ta yi kiran sallar azahar. Na yi sauri zan kashe. Mis Odessa ta dafa ni ta ce, sarai kowa ya ji, "Bar shi. Yi addu'arki, ki sa da ni."

Ba a jima sosai ba rurin ya yi nisa, ya bar ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Bayan guguwa

Muka fito. Siton yana tsaye, kwano biyu kawai suka tafi. Mutane suka hau dariya irin ta wanda ya tsallake rijiya, aka fara buɗe kwalabe ana murna, har wasu alƙalan suka karɓa. Na zaunar da Mis Odessa na miƙa mata gorarta. Ta kai baki, ruwan ya zubo ta gefe ya jiƙa mata riga. Ta ce wani abu, ban gane ba. Ta sake faɗa, kalmomin suka fito a cakuɗe kamar harshenta ya yi nauyi.

Wata mata da ke kusa ta ƙyalƙyale da dariya. "Ku ga Odessa! An shiga ma'ajiyar Dale an fito da kaya." Aka yi dariya, ba da mugunta ba. A wurin da kowa ke riƙe da kofi, me za a zata?

Na dube ta da kyau. Tun asuba ina gefenta, ko ɗigo ba ta sha ba. Na kira Anti Ramatu.

"Anti, bakinta ya karkace, maganarta ba ta fita."

"Ka ce mishi ya yi murmushi." Na ce mata. Ɓarin bakinta na dama ya ɗaga, na hagu ya tsaya.

"Ya ɗaga hannu biyu." Na hagun ya taso kaɗan ya faɗo kan cinyarta.

"Ei, Hajara, sitirok ne! Ka kashe wayan nan ka kira ambulans yanzu-yanzu. Kada ka ba shi ruwa, kada ka ba shi komai!"

Ban san ina da irin muryar da na yi ihu da ita ba. Na ce ba maye ba ne, ɓarin jikinta ne ke shanyewa. Matar da ta yi dariya ta saki kofinta ya fashe.

Mai amsa kiran gaggawa ta ce mota ta taso. Can ta sake magana ta ce akwai matsala: itace ya faɗo ya tare hanyar tsakuwar nan, ya jawo wayoyin lantarki ƙasa, ba mai wucewa sai an kashe wuta. Ta tambaya ko akwai wata hanyar. Mista Dale ya karɓi wayar ya ce akwai turbar shanu ta bayan gona da ke ɓullewa wajen wata ƙaramar coci a bakin kwalta, amma sai akori-kurarsa ce za ta iya bi. Aka ce ambulans za ta jira a can.

Ya zaro makulli, ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya ce, "Tun safe nake ɗanɗanawa. Ba zan tuƙa ta a haka ba." Ya dubi jama'a. Wasu sun sha kaɗan, wasu da yawa, amma ba wanda ya iya cewa shi bai sha ba. Sai ya miƙo mini.

Na ce, "Ban taɓa tuƙa babbar mota ba."

Ya ce, "Ni na san hanya, ke kina da kai garau. Mu tafi."

Turbar shanu

Ya sungumi Mis Odessa kamar jaririya ya shiga kujerar baya da ita, ya kwantar da ita ta gefe, kanta a cinyarsa. Na hau gaba, sai da na jawo kujera har ƙarshe kafin ƙafata ta kai. Muka bi tsakanin layukan inabinsa, rassa suna dukan gilashi, ruwa ya hana ni ganin abin da ya wuce hancin motar. Yana ta faɗa daga baya: dama, miƙe, bar wannan ramin a hagunki. Tsakanin umarni da umarni ina jin yana yi wa tsohuwa magana ƙasa-ƙasa, yana cewa ta tsaya tare da mu, alƙaliyar nan ta so tata, shi ya ga fuskarta.

Muka iso ƙofar makiyaya a rufe da sarƙa. Na taka birki. Ya ce, "Ture ta." Na ce ƙofarka ce fa. Ya ce, "Ture ta, na ce!" Na rufe ido na taka, ƙofar ta kwanta, shanu suka watse.

Abin da ya fi komai shi ne rafin. Ya ce da rani ko idon sawu ba ya kaiwa. Ranar ya cika ya yi ja, yana tafe da rassa. Na tsaya a bakinsa na kasa motsi. A madubi na hango idon Mis Odessa ɗaya a buɗe yana kallona, bakinta yana motsi ba sauti.

Mista Dale ya sassauta murya. "Ƙasansa dutse ne, ni na shimfiɗa shi da hannuna. Ki nufi itacen can mai farin fenti. In kin shiga kada ki ɗaga ƙafa, ko me kika ji."

Na ce Bismillahi na shiga. Ruwa ya daki ƙofa, na ji bayan motar yana zamewa gefe, sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba. Na yi salati da ƙarfi, shi ma yana kiran Ubangiji da harshensa. Ban ɗaga ƙafa ba. Tayoyin gaba suka kama tudu, motar ta yi tsalle ta fita. Da muka haura gangaren na hango jar fitila tana juyawa a gaban cocin.

Ma'aikatan suka karɓe ta. Ɗaya ya tambaye ni yaushe ne ƙarshen lokacin da na ji ta yi magana daidai. Na buɗe wayata na nuna masa lokacin azahar na ranar, na ce daidai nan. Ya rubuta a bayan safar hannunsa. Suka ce in shiga gaba. Mista Dale ya tsaya cikin ruwa ba hula, yana kallonmu har muka sha kwana.

Asibiti

Hanyar da muka yi da safe ina rarrafe, ambulans ta cinye ta kafin in gama kiran ɗanta. Aka shige da ita, aka bar ni a ɗakin jira da hijabi jiƙe da laka har gwiwa. Na yi azahar da la'asar a wani lungu kusa da injin sayar da lemo. Anti Ramatu ta iso da kayan aikinta a jiki da kular shinkafa da wake, ta tsare ni sai da na ci loma uku.

Can wata likita ta fito. Ta ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a kai, sun ba ta maganin da ke narkar da shi, kuma maganin nan ba a bayar da shi sai an san lokacin da abin ya fara. Ta ce sai an ga kwanakin da ke tafe, amma hannun ya fara motsi.

Na roƙi in gan ta. Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta ce dangi kawai ake bari, ta tambaye ni mece ce ni a wurinta. Na buɗe baki zan ce 'yar haya. Labulen a zuge yake rabi, Mis Odessa tana jinmu. Ta ɗaga hannun dama ta nuna ni, ta yi ta kokawa da harshenta, har kalma ɗaya ta fito, a karkace amma kowa ya gane.

"'Yata."

Nas ta dube ta, ta dube ni da hijabina, ta matsa gefe.

Gida

Anti Ramatu ce ta mayar da ni gida ana kiran magariba, don motata tana can gona. A bakin ƙofa ita ta karɓi makulli ta buɗe. Da na ga kofin shayin tsohuwa a kan tebur inda ta bar shi da asuba, kukan da na riƙe tun rafi ya ƙwace. Anti ba ta tafi ba, a falo ta kwana.

Da aka buɗe hanya Mista Dale ya kawo mini motata da kansa, a wanke. Ya ce bai miƙo mini hannu ba ranar gasar ne don an taɓa gaya masa matan Musulmi ba sa gaisawa da maza da hannu, bai kuma san me zai ce ba. Ya ce an ƙarasa gasar a gidan wani, ta Mis Odessa ta zo ta uku a ajinta. Da aka gaya mata a asibiti ta ɗaga yatsu uku ta yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi, wai an cuce ta.

Yanzu tana gida. Tana takawa da sanda, maganarta tana dawowa sannu a hankali, ɓarin hagun dai sai an ci gaba da gashi a asibiti. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Na gode wa Anti Ramatu, da ma'aikatan da ban san sunansu ba, da Mista Dale da har yau bai bari na yi maganar ƙofarsa ba. Ku sa tsohuwar nan a addu'a, Allah Ya ba ta lafiya. Ku kuma gaya wa Inna ta yi haƙuri, wata ta yi tarayya da ita a kaina a gaban shaidu, ni kuwa ban musa ba.